Maki Biyar Sun Isa: Magana a kan Dokar Ja a Wasan Scrabble

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin Hausa domin in faɗi ra'ayina a kan gardamar nan da ta raba 'yan ƙungiyarmu ta wasan Scrabble tun farkon wannan zango. Na sani waɗansu za su ce ina ruwan mujallar kwaleji da wasan katako, ga jarrabawa ta ƙarato. Su yi mini haƙuri. Sa'ad da muka buɗe ƙungiya a bana, 'yan aji ɗaya sun cika ɗakin karatu har waɗansu suna tsaye. Yau kuwa, in ka leƙa ran Asabar da yamma, ko rabinsu ba za ka gani ba. Na tambayi waɗansu dalili, amsarsu kuwa iri ɗaya ce: manya suna cinye su da kalmomin da babu su a ƙamus, su kuma suna tsoron buɗe baki. Da na bi sawun maganar sai na iske doka guda ce tak ta jawo wannan, watau dokar da mu ke bi in wani ya ja da kalmar wani.

Domin waɗanda ba su taɓa zama gaban allon ba, bari in bayyana wasan a taƙaice. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a 1938, aka kuma yi masa rajista da sunan Scrabble a 1948. Allon yana da gidaje 15 a tsaye, 15 a kwance, 225 ke nan. 'Ya'yan wasa 100 ne a cikin jaka, kowane da harafinsa da makinsa, sai biyu da ba a rubuta musu kome ba, su kan tsaya a madadin kowane harafi. Mutum biyu zuwa huɗu su ke yi. Kowa ya riƙe 'ya'ya bakwai, in yi ya zo kansa ya shirya kalmar Turanci a allo ta haɗu da waɗanda su ke can, a ƙidaya masa maki, ya ɗebo waɗansu daga jaka ya cika bakwai. Wanda ya zuba bakwai ɗin nan duka a yi ɗaya, a ƙara masa maki 50 bisa abin da kalmar ta ba shi.

Ba a buɗe ƙamus kafin a aje kalma. In ka aje, abokin wasanka bai yarda da ita ba, sai ya ce ya ja. Sa'an nan a duba. In babu ita, ka kwashe 'ya'yanka, ba ka da maki ko ɗaya, yinka kuma ya wuce. Har nan duniya duka bakinta ɗaya. Inda aka rabu shi ne, in an duba aka iske kalmar tana nan, me za a yi wa wanda ya ja? A Ingila an daɗe ana wasa ba a yi masa kome, ja kyauta ne. A Amurka kuwa tun 1976 aka sa cikin dokokin da ke zuwa a akwatin wasan cewa a tsallake shi, ya rasa yi ɗaya cif. A gasar duniya an bi tsakani: a ƙara wa mai kalmar maki 5, wasa ya ci gaba. Mu a nan dokar tsallakewa mu ke bi, ba don mun taɓa zama mun zaɓe ta ba, sai don ita muka tarar a rubuce a takardar da ta zo da tsohon allonmu.

Kada wani ya zaci ina magana ne kamar mai tsarki a tsakiyar masu laifi. Ni ma na yi. A zangon da ya wuce ina wasa da mutum uku, biyu daga cikinsu 'yan aji ɗaya, ana gabana da maki kamar 40, sai na duba hannuna na ga wata kalma mai haruffa biyar wadda kowa ya sani, da haruffa biyu da su kan hau gaban kalmomin Turanci da yawa. A zuciyata na san wannan ba sa hawanta. Duk da haka na manna su, na zuba bakwai ɗin a allo da ƙarfi, na faɗi makina da babbar murya, na miƙa hannu cikin jaka kamar wanda ya haddace ƙamus tun yana goye. Suka dubi juna, suka dubi allo, ba wanda ya ce uffan. Na ci wasan. Bayan kwana biyu na ga ɗaya daga cikin yaran nan a ɗakin karatu, ya rubuta kalmar a bayan littafinsa cikin jerin sababbin kalmomin da ya koya, har ya ja mata layi. Ba zan rubuta ta a nan ba, kada ta ƙara yaɗuwa. Na kira shi gefe na gaya masa gaskiya, ya yi dariya irin ta ladabi, amma tun daga ran nan ban sake ganinsa ran Asabar ba.

To, bari mu yi lissafi, tun da ya ke dukanmu za mu koyar da shi nan gaba. A ce yi ɗaya na ɗan wasa irinmu ya kan kawo maki 20. A ce kuma ga ni da hanya biyu: in aje kalma ta gaskiya in sami 20, ko in zuba bakwai da kalmar jabu in sami 70. In jabun ta wuce, na ci ribar 50 bisa abin da dā zan samu. In an kama ni, hasarata 20 ce kurum, gama 'ya'yana suna nan a hannuna. Watau in na yi haka sau 7, aka kama ni sau 5, na tsira sau 2, ribata 100, hasarata 100, ban ci ba, ba a ci ni ba. Sai an kama ni fiye da sau 5 cikin 7 kafin ƙarya ta zama mini hasara. Ku tambayi kanku, a ɗakin karatunmu wa ya ke kama manya sau 5 cikin 7?

Yanzu mu koma wajen mai ja. A ƙarƙashin dokar tsallakewa, in ya ja ya ci, ya kwashe wa abokin wasansa 70. In ya faɗi, ya rasa 20 nasa. In ya ja sau 9, ya faɗi sau 7, ya ci sau 2, to, 140 ta tafi, 140 ta dawo. Bisa ga lissafi, ashe ko shakkarsa ba ta kai rabi ba ya kamata ya ja. Amma lissafi dabam, zuciyar ɗan aji ɗaya dabam. Yaron da ya zo jiya yana duban ɗan aji uku wanda ya ji an ce ya taɓa zuwa gasa a babban birnin jiha, a ransa ya riga ya yanke cewa wannan ba ya kuskure. Ya kuma taɓa ja sau ɗaya aka tsallake shi, aka yi masa dariya. Ba zai ƙara ba.

Abin da ya sa ba na ganin laifinsa shi ne ƙamus ɗin kansa. Ƙamus na Collins, wanda a ke wasa da shi a Nijeriya da yawancin ƙasashe, yana da kalmomi fiye da 270,000, da yawansu kuwa ko Baturen Ingila bai taɓa jinsu ba. A bugun 2019 kalmomi masu haruffa biyu kaɗai sun kai 127. Mai jin Hausa zai sha mamaki in ya karanta jerinsu, gama zai ga ZO, da JA, da KO, da DA, da KA, da NA, duk an yarda da su. ZO ɗin nan wai wata irin saniya ce ta ƙasar Tibet. MU tana ciki, amma KU ba ta ciki, SU ma babu, WA babu. To, yaron da ya ga an aje ZO ya ja aka tsallake shi, gobe in an aje masa KU ina zai sami ƙarfin halin cewa babu ita? Gwanaye kuwa sun san wannan sarai. Su kan fara jefa masa kalma ta gaskiya mai kama da ƙarya domin ya ja ya sha wuya, sa'an nan in ya yi laushi su bi shi da ta ƙarya mai kama da gaskiya, ya yi ta ganin kitse ga rogo har wasa ya ƙare.

Har yanzu ban zo kan babbar ɓarnar ba. Dokar tsallakewa ta fi dacewa da wasan mutum biyu, haka kuwa a ke yin manyan gasa. Mu allunanmu uku ne, saboda haka mutum huɗu mu ke zama a allo guda. In kowace kalma ta ci haruffa huɗu, 'ya'ya 100 za su ƙare a yi 25. Mutum biyu, kowa ya sami 12 ko 13. Mutum huɗu, kowa 6 ko 7 kurum. Wanda aka tsallake a wasan huɗu ya rasa wajen kashi ɗaya cikin shida na dukan wasansa, ya kuma zauna yana kallo har mutum uku su yi, su sake yi, kafin ya taɓa allo. Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo. In na ja na ci, an kwashe wa mai ƙarya 70, mu uku duka muka amfana daidai wa daida. In na ja na faɗi, ni kaɗai na sha, sauran biyun da suka yi shiru sun wuce ni suna murmushi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka kowa ya kan zuba wa maƙwabcinsa ido ya ga ko zai yi magana, maƙwabcin ma shi ya ke jira, kafin su ankara mai kalma ya ɗebi 'ya'ya daga jaka, lokacin ja ya wuce. Abin da ya faru ran da na yi tawa ke nan. Na tabbata su ukun nan kowa ya yi shakka, amma ba wanda ya so ya zama kurar.

A nan ne na ke so mu tsaya mu yi tunani a kan yadda a ke auna kasada a wasa. Ban ƙi kasada ba. Wasan da ba shi da hanyar da wanda ke baya zai yi ta maza ya kamo na gaba, wasan barci ne, tun a tsakiya kowa ya san wanda zai ci. Amma kasada mai kyau ita ce wadda wanda ya shiga shi ne zai biya in ta juya, abokan wasansa kuma suna da hanyar da za su tare shi ba tare da sun kashe kansu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Ku dubi maki 50 na zuba bakwai. Lada ne babba, amma da kuɗinsa: ka kan ɓata yi ɗaya ko biyu kana tara haruffa masu kyau da ɗan maki kaɗan, doguwar kalma ta kan buɗe wa abokin wasanka hanyar zuwa gidajen nan 8 masu ninka kalma sau uku, sa'an nan ka ɗebo sababbin 'ya'ya bakwai da ba ka san ko mene ne ba. Shi kuma yana iya toshe maka allo tun kafin ka shirya. Wannan kasada a aune ta ke, ba wanda ya taɓa kawo ƙara a kanta.

Ga shaida daga gida. A watan Nuwamba na 2015 Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, ya doke Lewis Mackay na Birtaniya wasa 4 ba ko ɗaya a karon ƙarshe, shi ne kuwa mutumin Afirka na fari da ya yi haka. Abin da aka san 'yan wasan Nijeriya da shi a waje shi ne sau da yawa su kan zaɓi gajeriyar kalma su rufe allo a wurin da waɗansu za su bi doguwa. Da a ce doguwar kalma kullum ita ce riba, da ba wanda zai ci duniya da gajeru. Tun da ya ke kowace hanya tana da ranarta, sai ɗan wasa ya yi tunani a kowane yi, wannan tunanin kuwa shi ne daɗin wasan. Kalmar jabu a ƙarƙashin dokarmu ba haka ta ke ba. In gwani yana wasa da sababbi, kullum riba ce, ba abin da zai auna. Hatsarin ya tashi daga kan mai ƙarya ya koma kan wanda ya ke so ya faɗi gaskiya.

Na ji abin da masu son dokar tsallakewa su ke faɗi, ba kuwa duka ne banza ba. Sun ce ita ce a rubuce, kuma Amurka, inda aka haifi wasan, da ita a ke gasa da ƙamus nasu. Sun ce ita ke sa mutum ya haddace kalmomi, gama wanda ya sani ba ya tsoron ja. Wani abokin ɗakina, wanda ya fi ni iya wasan nesa, ya ce mini in an cire wannan doka an cire wa wasan gishiri, gama babu abin da ya kai daɗin ka dubi mutum ido cikin ido kana auna ko gaskiya ya ke yi. Na yarda da shi a kan daɗin. Amma ido cikin ido sai tsakanin tsara. A manyan gasa mutanen da ke zaune gaba da gaba duk sun sha ƙamus. Akwai Nigel Richards, mutumin New Zealand, wanda ya ci gasar duniya ta harshen Faransa a 2015 alhali ba ya jin harshen, haddace kalmomin kurum ya yi. Wa zai aje wa irin wannan jabu? Tsakanin gwani da gwani ƙarya tana da tsada domin za a kama ta. Tsakanin ɗan aji uku da ɗan aji ɗaya kuwa, wanda Turanci ya ke harshensa na uku bayan na gida da Hausa, ba auna zuciya a ke yi ba, tsoro a ke ba shi. Game da haddace kalmomi kuma, yaron da ya bar zuwa me zai haddace?

Akwai kuma waɗanda suka faɗa ɗaya gefen, suka ce a mai da ja kyauta, kowa ya ja yadda ya ga dama. Mun gwada wannan Asabar biyu a bara, waɗanda su ke nan za su tuna. Ƙamus ɗaya gare mu, da wayar hannu ɗaya mai jerin kalmomin a ciki. Kowace kalma sai an ja, har waɗanda ke cikin littafin aji biyu na firamare, wani don ya sami lokacin tunani, wani don tsokana kurum. Wasan da ya kan ƙare kafin ƙararrawar abinci ya kai mu har aka kashe fitila. Ban da ɓata lokaci, akwai wata hasara: in ja ba ya cin kome, ba wanda zai dami kansa ya san ko kalma tana nan, gama ƙamus zai yi masa aikin.

Waɗansu kuma, da kyakkyawar niyya, sun ce a bar mai ja, a tsananta wa mai jabu, a rage masa maki 20 ko 30 bayan ya kwashe 'ya'yansa, tun da ƙarya ba halin malami ba ne. Wannan ya fi duka ba ni tsoro. Allo ba ya nuna zuciya. Yawancin kalmomin da a ke kwashewa a ɗakinmu ba ƙarya ba ce, kuskure ne: mutum ya tuna ya taɓa ganin kalma amma ya manta ko harafin ninki ne, ko ya zaci tana ɗaukar jam'i. Gwani da ya ke ƙarya da gangan ba safai a ke kama shi ba, sabon da ya gwada da zuciya ɗaya shi a ke kamawa kullum. Sai hukuncin ya sauka a kan wanda mu ke so mu taimaka. Mu kuma da za mu tsaya gaban aji, mun san wahalar da a ke sha kafin yaro ya yarda ya gwada rubuta kalmar da bai tabbata ba. Rasa yi ɗaya da nuna wa abokan wasa haruffanka ya isa hukunci.

Saboda haka ni dokar maki 5 na ke goyon baya, ga kuma lissafinta. A kan kalma mai maki 70, in ka ja sau 15, ka faɗi sau 14, ka biya 70, ka ci sau ɗaya, ka kwashe 70. Watau ko ƙanƙanuwar shakka ta isa ka ja, mai zuba bakwai na jabu kuwa ya san kusan kullum za a duba shi. Amma a kan kalma mai maki 20, sai ka ci sau ɗaya cikin 5 kafin ka mai da kuɗinka, a kan mai 10 kuwa sau ɗaya cikin 3. Ashe dokar tana auna kanta: babbar ƙarya ba ta da wurin ɓuya, ƙarama tana iya silalewa wani lokaci, ba kuwa wanda zai ja da kalmar da kowa ya sani ya ba da maki 5 a banza. Abokin ɗakina bai rasa gishirinsa duka ba. Wanda ke baya a ƙarshen wasa, ba shi da wata hanya, har yanzu yana iya jefa kalmar da ya ke zato ya riƙe numfashi. In tana nan ya sami ladansa da ƙarin 5, in babu ya biya da kansa.

Ku lura kuma da inda maki 5 ɗin ke zuwa. Ba a rage wa mai ja, ƙara wa mai kalma a ke yi. A wasan mutum biyu duk ɗaya ne, amma a wasan huɗu bambancin babba ne, gama in mai kalma ya ƙaru da 5, ya ƙaru ne a kan mu uku duka. Riba tamu ce tare, hasara ma tamu ce tare, ba sauran dalilin da zai sa in zuba wa maƙwabcina ido. Na sani akwai ƙofar da wannan ya buɗe: aboki yana iya ja da kalmomin abokinsa da gangan domin ya yi ta ba shi biyar biyar. A gasar gidaje wannan da wuya, tun da kowane allo mutum ɗaya ne daga kowane gida. A wasan Asabar kuwa shawarata ita ce, wanda ya ja ya faɗi har sau 3 a wasa ɗaya, daga na huɗu a riƙa cire biyar ɗin daga nasa. Wannan ƙarin nawa ne, ba ya cikin dokokin duniya, in wani yana da wanda ya fi shi ya kawo.

Kada kuma mu ji nauyin taɓa doka don mun tarar da ita a rubuce. 'Yan ƙwallon kwando sun sa layin maki uku a wasannin duniya a 1984, nisansa mita 6.25 daga kwando. Da 'yan wasa suka gwanance har jifa daga can ya daina zama kasada, ba su soke shi ba, sai suka matsar da shi zuwa mita 6.75 a 2010. Dokar tsallakewar ma da mu ke riƙe da ita kamar gādo, wasan ya yi shekara 28 da sunansa kafin a sa ta.

Ga yaran firamare, in mun fita koyon aikin koyarwa muka tafi da allo, ni ko maki 5 ba zan sa ba. A nan malami yana tsaye, shi ne zai hana wasa da ƙamus, kowace kalma da aka ja kuwa sai a karanta ma'anarta da ƙarfi kowa ya ji, kada a bar jabu ko ɗaya ta kwana a allo. Amma mu manya ne, muna kuma so wata rana mu aika da 'yan wasa gasar jiha, gara mu saba da dokar da a ke bi a gasar duniya tun yanzu.

Kwamitin ƙungiya zai zauna ran Asabar mai zuwa bayan abincin dare domin a tsai da dokokin gasar gidaje. Zan kawo wannan shawara a rubuce, ina kuwa bukatar wanda zai goya mini baya kafin a yarda a jefa ƙuri'a. Ina roƙon 'yan aji ɗaya musamman su zo, har da waɗanda suka daina zuwa, gama sunayensu suna nan a littafin ƙungiya, kowannensu kuma yana da ƙuri'a ɗaya daidai da ta ɗan aji uku. Wanda ya ke da jerin kalmomi a bayan littafinsa ya zo da shi, zan riƙe ƙamus mu bi su ɗaya ɗaya kafin a fara taro.